Darasi na 12: Tarar da Aka Ci MTN da Riƙon Amanar Dukiyar Jama'a

A makarantun koyon kasuwanci na manyan jami'o'i akwai wani salon koyarwa da ba ya buƙatar allo sosai. Malami zai kawo labarin wani kamfani na gaske, da sunansa da shekarar da abin ya faru da yawan kuɗin da ya salwanta, ya raba wa ɗalibai su karanta, sannan ya tambaye su: da kai ne a kujerar manajan nan, me za ka yi? Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta yi suna da wannan salo tun shekarun 1920, daga baya ya bazu ko'ina. A nan gida akwai Makarantar Kasuwanci ta Legas, akwai kuma ta Ɗangote a Jami'ar Bayero. Mu ma haka za mu yi yau. Ba sai da digiri ba. Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin adashi, ko ya auna wa wani hatsi, ko ya sa hannu a takardar ƙungiya, ya san abin da ake magana a kai.

Labarin da muka zaɓa ya shafi mutanen Ɗambatta ta fuska biyu. Ta farko, wayar da ke aljihun kowannenmu. Ta biyu, mutumin da ke shugabancin hukumar da ta ci tarar a lokacin ɗan garin nan ne, Farfesa Umar Garba Ɗambatta, wanda ya daɗe yana koyar da injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero kafin a ba shi muƙamin.

Yadda abin ya faro

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, zamanin mulkin Obasanjo, bayan gwamnati ta yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. MTN, kamfanin Afirka ta Kudu, yana cikin waɗanda suka saya. Kusan shekara goma ana sayar da layi kamar goro: ka miƙa kuɗi, a miƙo maka, ba mai tambayar sunanka balle garinku. Da garkuwa da mutane da rikicin Boko Haram suka yi ƙamari, sai jami'an tsaro suka riƙa cin karo da matsala guda. Za a kira dangin wanda aka sace a nemi kuɗin fansa, a bi lambar, a tarar ba wanda ya san mai ita.

Saboda haka a 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta fitar da ƙa'ida: kowane layi sai an yi masa rajista da sunan mai shi da hotonsa da zanen yatsunsa. Kamfanin da ya bar layi yana aiki babu cikakkiyar rajista zai biya tarar naira 200,000 a kan kowane layi. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa. Ƙa'idar ba ɓoyayya ba ce. A rubuce take, kuma kowane kamfani yana da lauyoyin da ake biya albashi don su karanta irinta.

Shekara huɗu ana jan ƙafa. A sa wa'adi, a ɗaga, a sake sawa. Masu rajista a bakin kasuwa suna ɗaukar hoton da fuska ba ta fita, ko su danna yatsan mutum ɗaya a layuka da yawa su sayar wa wanda ya zo. A watan Agustan 2015, a wata na uku da hawan Shugaba Buhari, kuma a daidai watan da aka naɗa Farfesa Ɗambatta, NCC da hukumomin tsaro suka ba kamfanonin kwana 7 su toshe duk layin da rajistarsa ba ta cika ba. Da wa'adin ya wuce hukumar ta aika jami'anta su duba. A cewarta, sauran kamfanonin sun toshe nasu, MTN kuwa ya bar layuka miliyan 5.2 suna aiki.

Yanzu kowa ya ɗauki biro ya yi lissafin nan da kansa: 5,200,000 sau 200,000. Amsar ita ce 1,040,000,000,000, wato naira tiriliyan 1.04, kimanin dala biliyan 5.2 a canjin wancan lokaci. Kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya na 2015 gaba ɗaya bai kai tiriliyan huɗu da rabi ba. Ke nan tarar kamfani ɗaya ta kusa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ƙasa ta shirya kashewa a shekara. Hukumar ba ta ƙirƙiro sabon hukunci ba. Ninkawa kawai ta yi.

Abin da ya biyo baya

Ranar 26 ga Oktoban 2015 labarin ya fito fili, darajar hannun jarin MTN ta rikito a kasuwar Johannesburg. Ba a yi mako uku ba shugaban kamfanin na duniya, Sifiso Dabengwa, ya ajiye aiki. A Disamba shugaban reshen Nijeriya, Michael Ikpoki, ya bi shi. Gwamnati ta rage tarar zuwa naira biliyan 780, kamfanin ya ce har yanzu ba za ta saɓu ba, ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Legas. Ya kuma ɗauko tsohon Ministan Shari'a na Amurka, Eric Holder, don ya taya shi neman sulhu. A Fabrairun 2016 ya janye ƙarar, ya biya naira biliyan 50 a matsayin shaidar yana son a daidaita.

Magana mafi nauyi ta fito ne a watan Maris, lokacin da Shugaba Jacob Zuma na Afirka ta Kudu ya kawo ziyara Abuja. A gaban baƙon nasa Buhari ya ce jinkirin da MTN ya yi wajen rajista ya taimaka wa Boko Haram, domin da layukan da ba a san masu su ba suke shirya hare-hare. Ko mutum ya yarda da wannan zargi ko bai yarda ba, ya nuna yadda gwamnati ke kallon lamarin. A wurinta batun rayuka ne, kamfanin kuwa ya ɗauke shi batun takarda.

An kammala sulhu a Yunin 2016 a kan naira biliyan 330, a biya kashi-kashi cikin shekara uku, tare da sharaɗin kamfanin ya nemi afuwar 'yan Nijeriya, ya kuma shiga kasuwar hannayen jari ta ƙasar nan. A lissafin 2016 uwar kamfanin ta bayyana asara, abin da ta shekara ashirin ba ta gani ba. A Mayun 2019 kamfanin ya biya kashin ƙarshe, naira biliyan 55, a watan kuma ya shiga kasuwar hannayen jari ta Legas.

Ina laifin yake?

A nan ne darasin yake, don haka za mu ɗan zauna. Ba a zargi kowa da sace ko sisi ba a wannan labari, ba a ɗaure kowa ba. Laifin shi ne an san ƙa'ida, an ɗauke ta da wasa. To me zai sa kamfanin da ke da ƙwararru haka ya yi wannan ganganci?

Ku dubi yadda ake auna ƙwazo a yawancin manyan kamfanoni. Ana yaba wa manaja da yawan kwastomomin da ya kawo. Ladan ƙarshen shekara yana tafiya da ciniki. Wakilin da ke bakin titi ana biyansa a kan yawan layin da ya yi wa rajista, ba a kan kyan hoton ba. Kowane layi da aka toshe kuɗin kati ne da ya daina shigowa. A irin wannan tsari, ma'aikacin da ya tashi a taro ya ce a yanke layi miliyan biyar yau-yau, shi ne zai zama bare. Ba wanda zai ce masa ƙarya yake yi. Za dai a ce masa ya yi haƙuri, ana kan tattaunawa da hukuma, ai a baya ma an ɗaga wa'adi.

Wannan "ai a baya ma" ita ce ta ci su. Wanda ya karya ƙa'ida sau uku ba a taɓa shi ba, sai ya ɗauka ƙa'idar ta mutu. Alhali tana nan a takarda, jira take a sami wanda zai aiwatar da ita. An sami sabuwar gwamnati, an sami sabon shugaban hukuma, yanayin tsaro ya canza, kamfanin bai lura iska ta juya ba.

Shi ya sa manyan kamfanoni da bankuna suke da ofishi na musamman na tabbatar da bin ƙa'ida. Aikin mai wannan ofishi shi ne ya san dokokin da suka hau kan kamfani, ya duba ko ana bin su, ya kai rahoto kai tsaye ga hukumar daraktoci. Sharaɗin amfaninsa guda ne: ya iya cewa a'a ba tare da tsoron kora ba. Idan wanda yake sa wa ido shi ne kuma mai sa hannu a ƙarin girmansa, to ofishin ado ne.

Ita ma hukumar ba za a wanke ta tas ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekarun da aka yi ana ɗaga wa'adi su suka koya wa kamfanoni cewa barazanar ta baki ce. Ragin da aka yi daga tiriliyan 1.04 zuwa biliyan 330 ma ya jawo ce-ce-ku-ce, har 'yan Majalisar Wakilai suka nuna rashin amincewa. A ganin mai wannan rubutu, da an dage sai an karɓi tarar farko, da an durƙusar da kamfanin da fiye da mutum miliyan 60 ke waya da shi, kuma talaka ne zai ji a jikinsa. Amma biliyan 330 ta isa jan kunne. Wahalar da ba a sa a lissafi ba ita ce ta mutanen karkara da suka bar gona da kasuwa suka wuni a layi cikin rana don gyara rajistar da ba su suka ɓata ba.

Inda biro ke sata

Sakaci daban, ha'inci daban, ko da yake ɗaya yakan buɗe wa ɗaya ƙofa. Tun 1939 wani masanin halayyar jama'a ɗan Amurka, Edwin Sutherland, ya ja hankalin duniya cewa masu mutunci da muƙami suna aikata laifi a cikin aikinsu na ofis, ɓarnarsu ta fi ta mai fasa shago, amma ba kasafai ake kiransu ɓarayi ba. Mu a nan ɓarayin biro muke ce musu.

Kowa ya san alewar TomTom da Bournvita. Kamfanin da ke yin su, Cadbury Nigeria, a 2006 aka gano an yi shekara da shekaru ana kumbura lissafinsa, har abin ya kai tsakanin naira biliyan 13 zuwa 15. Dabarun ba su da wuyar fahimta. A tura wa dillalai kaya fiye da abin da za su iya sayarwa, a rubuta an yi ciniki. A ɗage rubuta kashe-kashen bana zuwa baɗi don riba ta fito da ƙiba. A kawo takardun shaidar kayan ajiya da ba na gaskiya ba. Masu hannun jari suna ganin riba a takarda suna ƙara zuba kuɗi. An sallami manajan darakta da daraktan kuɗi, a 2008 kuma hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ta hana su riƙe irin wannan muƙami, ta ci kamfanin binciken kuɗin da ya riƙa sa hannu a lissafin tarar naira miliyan 20. Abin lura shi ne akwai mai bincike, amma binciken bai gano komai ba.

A Agustan 2009 Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya tuɓe shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, ya zuba naira biliyan 420 don kada kuɗin masu ajiya su nutse. Shugabar bankin Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi uku a kotu a Oktoban 2010, aka ɗaure ta wata shida, ta sallama kadarori na kimanin naira biliyan 191. Mutane da yawa sun ce ɓarawon akuya yakan sha ɗaurin da ya fi wannan, kuma da gaskiyarsu.

Mu dawo gida

Wani zai ce wannan duk harkar manya ce, mu da muke noman gero da gyaɗa ina ruwanmu? A ɗauka akwai ƙungiyar manoman rani a gefen madatsar ruwan Tomas, mutum 40, kowa yana zuba naira 5,000 a wata don a sayi taki da man injin ban-ruwa a sari. Ma'ajin dattijo ne, limami ma ya shaide shi. Kuɗin yana hannunsa, littafin yana hannunsa, shi ke zuwa Kano sayayya. Wata rana matarsa ta kwanta asibiti, ya ɗauki 30,000 da niyyar mayarwa in ya sayar da tumatir. Ba wanda ya sani, ba wanda ya tambaya. Tumatir ya faɗi a kasuwa. Da lokacin sayen taki ya zo, sai ya rubuta buhu 20 alhali 18 ya saya, ya ce farashi ya tashi. Daga ranar ya fita daga sahun mai bashi ya shiga sahun mai gyara lissafi, irin abin da aka yi a Cadbury, sai dai sifilin ba su kai nasu yawa ba. A kundin hukunta laifuffuka da kotunan Arewa ke aiki da shi, wannan cin amana ne, kuma yana kai mutum gidan yari.

Mutumin nan bai shigo ƙungiya da niyyar sata ba. Abu uku suka haɗu masa: matsi, da damar da ba mai sa ido, da uzurin da ya ba kansa cewa aro ne. Matsi ba a raba ɗan Adam da shi. Uzuri yana cikin zuciya, ba mai ganinsa. Abin da ƙungiya ke da iko a kai shi ne damar, kuma ita ce muka fi sakaci da ita saboda kunya. Yaro ba ya cewa dattijo "Baba, a kawo littafi mu gani." Mace ba ta son a ce ta zargi uwar adashi. Maganin kunya shi ne a mayar da binciken doka tun ranar kafa ƙungiya, kafin a san wa za a zaɓa, yadda ba wanda zai ce da shi ake.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Mai riƙe kuɗi kada ya zama mai rubuta littafi. Kuɗi su zauna a asusun banki da sunan ƙungiya, ba za a cire ba sai da sa hannun mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. Duk sayayya da rasit, kuma mutum biyu su je. A kowane taro a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da babbar murya, domin wanda bai iya karatu ba shi ma kuɗinsa ne. Sau ɗaya a shekara a kira wani daga waje ya ƙirga. Ƙungiyar da ta yi rajista da sashen gama kai na gwamnatin jiha tana da damar neman jami'insu ya duba mata littafi. Ma'aji na gari ba ya jin haushin wannan, don shi ake karewa daga zargi.

Ba baƙon abu ne aka kawo mana daga Turai ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma an saukar da ita ne ga mutanen da suka fi mu gaskiya. Akwai kuma sura guda da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu. Mai buga gindin kwano don ya rage awo, da mai zuba tsakuwa a buhun riɗi, da mai sa sunayen manoman bogi a jerin masu karɓar taki ko rancen gwamnati, duk layi ɗaya suke da wanda ya kumbura lissafi a Legas.

Akwai kuma sabuwar hanyar faɗawa rami wadda iyayenmu ba su sani ba. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Ma'anarsa duk abin da aka aikata da layin da ke ɗauke da lambarka, kai za a fara nema. Haka asusun banki. Saurayin da ya ara wa aboki asusunsa "a turo wani kuɗi" don a ba shi na shan ruwa, ko mai POS da ke karɓar maƙudan kuɗi daga wanda bai sani ba ya ba shi tsaba ba tare da rubuta komai ba, ranar da aka biyo sawun kuɗin fansa ko na damfara, sunansa za a gani a takarda. "Ban sani ba" ba ta cika fitar da mutum a hannun EFCC ba.

Wanda ya ga ana ɓarna da dukiyar jama'a yana da inda zai kai kuka. EFCC da ICPC duk suna da ofis a Kano, jiha kuma tana da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci. Tun Disambar 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin ba mai fallasa kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin gwamnati da aka ƙwato ta dalilinsa. Sai dai a je da hujja, kwanan wata da adadi da takarda. Zargi babu hujja ƙazafi ne, shi ma laifi ne.

Aikin aji

Ku rabu gida uku. Rukuni na farko ku zama daraktocin MTN a ranar da takardar wa'adin kwana 7 ta iso: za ku toshe layukan ku yi asarar ciniki, ko za ku nemi ƙarin lokaci? Wa za ku saurara, manajan ciniki ko jami'in bin ƙa'ida? Rukuni na biyu ku zama NCC, ku yanke shawara ko za ku rage tarar, ku kuma faɗi abin da za ku gaya wa sauran kamfanonin da suka bi umarni a kan lokaci. Rukuni na uku ku ɗauki labarin ma'ajin manoman rani: an gano giɓin, mutumin ya amsa, surukin shugaban ƙungiya ne. Za a kai shi kotu, ko a yafe, ko akwai hanya ta uku? Kowane rukuni ya zaɓi mai magana ɗaya, kuma a bar mata da matasa su fara faɗin ra'ayinsu kafin dattawa.

Kafin darasi na gaba, duk wanda ke cikin wata ƙungiya ko adashi ya binciko amsar tambaya uku: wa ke riƙe kuɗin, wa ke rubuta littafin, yaushe aka karanta lissafi a gaban kowa na ƙarshe? Ku rubuto amsar a littafinku ba tare da ambaton sunan kowa ba, ku zo da ita.